Madubin ƙara girma mai haɗawa da waya: gwajin da na yi masa da ƙananan zanzaron wake da na masara

Akwai wani madubin ƙara girma da ya fara yawa a shagunan kayan waya na Adum da kewayen Kejetia, a nan birnin Kumasi na ƙasar Ghana. Dogo ne mai zagaye, hannu ɗaya ke riƙe shi, yana da ƙananan fitilu takwas kewaye da bakinsa da igiyar da ake soka wa waya ko kwamfuta, sai abin da ka ajiye a ƙarƙashinsa ya fito a allo ƙato. Masu gyaran waya ne suka fi sayensa don duba siraran layukan cikin waya. Sunaye iri-iri ake bugawa a kwalinsa, amma in ka buɗe kusan duk abu ɗaya ne, don haka ba sai na kama sunan kowa ba. Ni ba gyaran waya ya kai ni shagon ba. Wake da masara nake sayarwa a kasuwar Asawase, ina kuma da 'yar gonata a Ejura, ƙwari ne suka sa na saya.

Duk wanda ya taɓa ajiye wake ya daɗe ya san ƙwaron wake, mai launin ƙasa-ƙasa, wanda ke huda ƙwaya ya bar ta da rami. To akwai wasu da ke biyo bayansa, baƙaƙe, sirara, ba su kai shi kauri ba, suna taruwa a jikin taga ko duk inda haske ke shigowa sito. A kasuwa galibi cewa ake yi 'ya'yan ƙwaron ne, sai a ƙara magani. Ba 'ya'yansa ba ne. Ƙwaron wake a cikin ƙwaya yake ƙare girmansa, ranar da ya fito da cikakken jikinsa yake fitowa, ba ya ƙaruwa bayan nan. Waɗancan baƙaƙen dangin zanzaro ne, ƙanana ƙwarai, ba sa harbin mutum, ba sa cin wake. Macen takan nemo ƙwayar da tsutsar ƙwaro ke kwance a ciki, ta soka tsinin bayanta ta cikin fatar waken, ta saka ƙwanta a jikin tsutsar, ɗanta ya ƙyanƙyashe ya cinye ta. A ramin da ƙwaro zai fito, zanzaro ne ke fitowa.

Ɗan ƙanwata da ke karatun aikin gona a jami'ar KNUST ne ya fara faɗa mini haka, wata rana da ya biyo ta shago ya gan su a jikin taga. Ya ce, "Kawu, waɗannan ai ma'aikatanka ne, aiki suke maka dare da rana ba ka biyan su ko sisi." Na ce, "To ɗana, in dai ma'aikatana ne ya kamata in san sunayensu." Ya ce nan fa aikin yake, domin iri-irinsu dubbai ne, da yawansu ba su kai milimita ɗaya ba, kuma a ido duk baƙin ɗigo ne kawai. Masana hawa-hawa suke raba su: akwai dangi, wanda shi ne babban gida, a cikin dangi akwai jinsi, a cikin jinsi akwai nau'i. Abin da na so in sani game da madubin nan shi ne hawa na nawa zai iya kai mutum. Abin da na samu: dangi yana kai ka kusan kullum, jinsi yana kai ka in ka san daga jikin wa zanzaron ya fito, nau'i kuwa ba ya kai ka, komai ƙoƙarinka.

A jikin kwalin an rubuta cewa yana ƙara girma sau 1000. Kada wannan lamba ta sa ka ciro kuɗinka. Girman hoton da faɗin allon da kake kallo yake tafiya. Na ɗora rula a ƙarƙashin nawa, na juya shi har ƙarshen ƙarfinsa, abin da ya cika allon daga gefe zuwa gefe kusan milimita 2 ne. In faɗin allon kwamfutarka milimita 300 ne, ka ga sau 150 ke nan, a waya kuwa bai kai rabin haka ba. Maɓallin da ke cewa zai ƙara kusanto da abu, shimfiɗa hoton kawai yake yi, ba ya fito da wani abin da da ba ka gani. Ga mai neman gane ƙwaro, tsabtar hoto ce abin nema: in sili biyu na gashi suna kusa da juna, shin biyu za ka gani ko dunƙule ɗaya? A nan madubin tsaka-tsaki ne, kuma kuɗinsa ma tsaka-tsaki ne, bai kai na ƙaramar waya ba. Araha dai ba ta ado, amma wannan arahar tana aiki.

Akwai abin juyawa a tsakiyarsa na daidaita gani. In ka jingina bakin robarsa a jikin abu kana juyawa, wuri biyu kawai hoton ke fitowa tas, ɗaya ƙaramin girma, ɗaya babba, tsakaninsu hazo ne. Kafin ka sami girma na tsakiya sai ka ɗaga madubin sama kaɗan, nan kuma sai ƙafar da ya zo da ita ta nuna halinta. Roba ce marar nauyi, da ka taɓa abin juyawa sai duk madubin ya gusa, ƙwaron da ka sha wahalar saitawa ya ɓace daga allo. Babbar mota ta wuce a titi ma hoton rawa yake. Na kai wa wani mai walda a Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera ta Kumasi, ya yanka mini farantin ƙarfe mai nauyi, ya tsayar da dogon kusa mai zare a kai, ya yi maƙalli mai hawa da sauka in an juya noti. Da wannan ƙafar madubin ya zama wani abu daban. Duk wanda zai saya ya sa kuɗin mai walda cikin lissafinsa tun farko.

Babbar matsalarsa kuwa hasken kansa ne. Fitilun nan takwas kai tsaye suke dukan abin da ake kallo, jikin zanzaro kuma sulɓi gare shi yana ƙyalli, sai ka ga fararen ɗigo takwas sun zauna a bayan ƙwaron, sun rufe daidai wurin da kake son gani. Rage hasken ba ya magani, duhu kawai yake ƙarawa. Abin da ya yi mini aiki shi ne in kashe fitilunsa gaba ɗaya, in yanke gindin farin kofin roba irin na shan koko, in kifa zoben a kan ƙwaron, in haska tocila daga gefe ta jikin robar. Hasken sai ya yi laushi ya bazu, gaɓoɓin ƙaho su rabu ɗaya-ɗaya, jijiyar fiffike ta fito. Don ganin fiffike shi kaɗai kuwa haske daga ƙasa ya fi: ka ɗora ɗan gilashi a kan farin allon wata wayar, ka sa ƙwaron a kai.

Ba a kallon su da rai, gudu gare su. Ko dai a sa kwalbar a firiza ta kwana, ko a zuba musu farin sifirit na shagon magani mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari. Ni na fi son sifirit, domin ƙanana daga cikinsu in sun bushe a iska jikinsu lotsawa yake, kai ya shige ciki, ka rasa gane gaba da baya. Sai dai a zafin Kumasi ɗigon sifirit ba ya daɗewa, kana tsakiyar ƙirga gaɓa zai ƙafe, don haka murfin kwalba mai ɗan zurfi ya fi gilashi shimfiɗaɗɗe, kuma a kashe fanka, in ba haka ba ƙwaron yawo zai yi ta yi a cikin ruwan. Abin juya su kuwa silin gashi ɗaya ne da na manna a kan tsinken ashana. Allura ta yi musu kauri.

Da wake na fara, tun da shi ne a hannuna. Na ɗebo kamar rabin olonka, gwangwanin da muke awon hatsi da shi, daga wani tsohon buhu da na ware, na zaɓi ƙwayoyin da ke da ɗige-ɗige a fata. Waɗannan ɗige-ɗigen ƙwan ƙwaro ne, kowanne bai kai milimita ɗaya ba, manne a jikin waken. A allo sai suka rabu kashi uku. Sabon ƙwai garai-garai yake, kana hango fatar waken ta cikinsa. Wanda tsutsarsa ta ƙyanƙyashe ta nutsa cikin ƙwaya fari ne fat, domin garin da ta tono ya cika ɓawon. Na ukun baƙi ne, kuma a wasu akwai ɗan rami zagayayye a sama. Baƙin ƙwan nan wani zanzaro ne ya riga tsutsar shiga, ya saka nasa ƙwan a cikin na ƙwaro, ɗansa ya cinye abin da ke ciki tun waken bai ji ciwo ba. Na ware baƙaƙen da ba su huje ba a kwalba, da suka fito na duba: ƙanana ne ainun, ba su kai rabin milimita ba, fiffike mai gezar gashi a baki, kuma ƙarshen ƙafarsu gaɓa uku ne. Gaɓa ukun nan ita ce shaidar dangin Trichogrammatidae, sauran ƙananan zanzaro galibi huɗu ko biyar ne. Wanda aka sani a wannan dangin yana shiga ƙwan ƙwaron wake a ƙasashenmu shi ne jinsin Uscana, an kuma yi bincike mai yawa a kansa a rumbunan Nijar. A wannan ranar kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Baƙaƙen jikin taga sun fi waɗannan girma nesa, milimita biyu zuwa uku, don haka madubin bai sha wahala da su ba. Ana ganin ƙyallin ƙarfe a jikinsu, ƙaho mai gwiwa, fiffike garai-garai mai jijiya ɗaya a gefen gaba da ɗan reshe gajere. Wannan ya kai ni dangin Pteromalidae. Jinsin da ya fi yawa a wake a Afirka ta Yamma Dinarmus ne, kuma shi nake kyautata zato, amma sanin wake ne ya kai ni wannan zaton, hoton shi kaɗai bai isa ba, domin akwai ɗan'uwansa Anisopteromalus da ya fi bin ƙwaron masara, kamarsu kuma ta yi yawa. A cikinsu na tsinci wasu dogaye, macen da ɗan tsini a baya, waɗanda suka mutu a lanƙwashe, kai da ciki sun tanƙwaro ta baya. Wannan irin mutuwar halin dangin Eupelmidae ne, jinsin Eupelmus kuma sananne ne a wake. Da ido tsirara da cewa zan yi duk abu ɗaya ne.

Inda na fi daɗewa da madubin shi ne a kan masara. Manoma ba su manta da 2017 ba, shekarar da tsutsar masara ta mamaye gonakin Ghana. Daga nahiyar Amurka ta fito, a 2016 aka fara ganin ta a Afirka ta Yamma, tun daga nan kuma feshi ya zama wani sabon haraji a kan mai noman masara. Uwar tsutsar malam-buɗe-littafin dare ce, takan saka ƙwai a dunƙule a jikin ganye, ɗari zuwa ɗari biyu wuri guda, wani lokaci hawa kan hawa, ta lulluɓe su da gashin jikinta mai launin toka. A zafinmu kwana biyu zuwa uku suke ƙyanƙyashewa. Na bi gonata da sassafe ina ɗaga ganye, duk dunƙulen da na gani in yanke shi tare da ɗan ganyensa, in sa a kwalba dabam, in ɗaure bakin da farin ƙyalle mai matsattsiyar saƙa. Gidan sauro ba ya yi, ramukansa ƙofa ce a wurinsu.

Akwai wurin da mutum zai iya ruɗewa. Ƙwan tsutsa mai lafiya ma yakan yi duhu gab da ƙyanƙyashewa, domin baƙin kan tsutsar ne ke nunawa ta cikin ɓawo. Bambancin a jira yake. Mai lafiya washegari zai fashe, ka ga tsutsotsi sun bazu, sai ka kwashe su da sauri don kada su cinye sauran ƙwan. Wanda zanzaro ya shiga yakan yi baƙi ya zauna shiru, kwana huɗu, biyar, mako guda, sai wajen kwana goma ko sama da haka kaɗan ƙananan baƙaƙe su fara fitowa, kowane ƙwai da raminsa. Madubin yana nuna wannan bambancin tun kafin jiran ya ƙare: a ƙwai mai lafiya baƙin ɗigo ne a wuri ɗaya, a wanda aka shiga kuwa duk ƙwan ne ke rinewa.

Iri biyu suka fito mini. Na farko, wanda ya fi yawa, baƙi ne wuluk mai sheƙi, tsawonsa kamar rabin milimita, cikinsa a ɗan baje, ƙarshen ƙafa gaɓa biyar. Ƙahon macen siriri ne daga tushe, ya je ƙarshe ya kumbura kamar kan kulki, na namijin kuwa kaurinsa ɗaya har ƙarshe. Ɗana ya ce in ƙirga gaɓoɓin ƙahon, mace 11, namiji 12. Na namijin na ƙirga ba wuya, na macen kuwa ƙananan gaɓoɓin tsakiya sun matsu da juna, sai da na kwantar da ƙahon a sifirit na haska daga ƙasa kafin suka rabu. Wannan siffar, haɗe da cewa daga ƙwan malam-buɗe-littafi suka fito, ta kai ni jinsin Telenomus a dangin Scelionidae. Na biyun ya fi ƙanƙanta, launinsa rawaya-rawaya, idanu ja, fiffike mai faɗi da gashi a jere layi-layi, ƙafa gaɓa uku. Dangin su Uscana ne, ko dai Trichogramma ko ɗan'uwansa Trichogrammatoidea, wanda a Nijar ake gwada shi a kan ƙwan tsutsar gero. Na lura rawayan sun fi fitowa daga dunƙulen da ba shi da gashi sosai, haka kuma aka san su, gashin da hawa-hawan ƙwan suna hana su kaiwa ciki, alhali Telenomus kutsawa yake ta cikin gashin ya kai na ƙasa.

Abin da na kalla da ransa kuma ban gaji ba shi ne fitowar Telenomus. Mazan ne ke riga fitowa, ba sa tafiya ko'ina, sai su tsaya a kan dunƙulen suna zagaye suna taɓa ƙwai da ƙahonsu, suna jiran matan. Na sa bakin madubin a jikin kwalbar, hoton bai yi tas ba saboda gilashi, amma ana ganin macen tana gutsurar ɓawo daga ciki a hankali, ta fito da kai, ta ja jiki, ta tsaya tana share fiffike da ƙafar baya. Alhajin da shagonsa ke jikin nawa ya zo ya tsaya a bayana yana kallon allo, ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "Malam, wannan duk a cikin ɗigon nan? Allah mai iko." Tun daga ranar in ya ga baƙon ƙwaro a sitonsa a takarda yake ƙunso mini shi.

Ga kuma inda ƙarfin madubin ya tsaya. Telenomus yana da makusanci, Trissolcus, wanda ya fi shiga ƙwan ƙwarin nan masu wari da ke tsotsar kwanson wake da waken soya. Cikin abin da masana ke dubawa don raba su akwai ido da goshi: Telenomus galibi yana da siraran gashi a kan ƙwayar idonsa, goshinsa sumul, Trissolcus kuwa idonsa ba gashi, goshinsa da zane-zane. Na yi duk dabarar haske da na sani, wannan madubin bai nuna gashin ido ba. Da ɗana ya kai ni na ga irin wannan ƙwaron a madubin makarantarsu mai ido biyu, sai ga gashin tsaye ɗaya-ɗaya, ga zurfi, kana juya ƙwaron kana ganin hannunka. Ba a haɗa su ba, kuɗinsu ma ba a haɗa ba. Game da nau'i kuwa, wanda ake yawan samu a ƙwan tsutsar masara shi ne Telenomus remus, wanda aka fara bayyanawa a 1937 daga Maleshiya. A 2019 masu bincike suka ba da rahoton samunsa a ƙwan wannan tsutsa a ƙasashe irin su Benin, Nijar da Kenya, daga baya aka tabbatar da shi a nan Ghana. Mai yiwuwa shi ne nawa, amma ba na rubuta wannan sunan a kwalba. Trichogramma ma nau'insa ya haura 200, kuma ana raba su ne ta hanyar fiɗe al'aurar namiji a ɗora a gilashi, ko ta gwajin ƙwayar halitta. Wannan aikin ɗakin bincike ne, irin na Cibiyar Binciken Amfanin Gona da ke Fumesua ko na jami'a.

Wani zai ce ina ruwan manomi da suna, tun da dai yana kashe tsutsa. Labarin rogo ya ishe mu amsa. A farkon shekarun 1970 wani farin ƙwaro mai tsotsar ganye ya shigo Afirka ta wajen Kongo, ya bi ƙasashe yana naɗe kan rogo yana hana shi saiwa. Masana suka tafi nahiyar Amurka neman maƙiyinsa, suka fara samo zanzaro daga jikin wani ƙwaron da ya yi kama da shi ƙwarai, aka kawo su suka ƙi hayayyafa a kan na Afirka, domin ashe nau'i biyu ne daban. Sai da aka gano ainihin ƙwaron a Paraguwai aka samo zanzaron da ya dace, Anagyrus lopezi, cibiyar binciken aikin gona ta IITA ta fara sakin sa a Najeriya a 1981, ya bazu a ƙasashen rogo ya danne annobar. Hans Herren da ya jagoranci aikin ya sami Kyautar Abinci ta Duniya a 1995. Garin rogon da ake sayarwa a kasuwannin Kumasi yau yana da alaƙa da wannan ɗan ƙwaron. Shi ya sa ba na son a riƙa liƙa suna da ka. Abin da nake yi shi ne in zuba su a ƙananan kwalaben turare da na wanke tas, in cika da sifirit, in rubuta wuri da kwanan wata da irin shukar da irin ƙwan da suka fito a 'yar takarda, in jefa a cikin kwalbar. Da fensir ake rubutawa, biro narkewa yake a sifirit. Ɗana ke kai su makaranta.

A sito ba zan ce zanzaro ya ishi ɗan kasuwa ba. Kafin su yi yawan da za su rage ƙwaro, waken ya riga ya huje, mai saye kuma ba ya tambayar wa ya fito daga ramin. Buhun PICS mai ninki uku da ke toshe iska shi ne maganin ajiya a wurina, yana kashe ƙwaron ba tare da guba ba. Amfanin da na samu a sito shi ne karanta fatar wake lokacin saye a Ejura ko Techiman: in fararen ƙwai sun yi yawa, tsutsa na ciki ko da ba rami ko ɗaya, wannan buhun ba na ajiya ba ne. Gaskiya kuma ƙaramin madubin hannu mai ƙara girma sau 10 ya isa wannan aikin, yana shiga aljihu, ba ya neman caji.

A gona ne sanin ya canza mini aiki. Yanzu kafin feshi sai an zaga an duba ƙwai. In baƙaƙen dunƙule sun yi yawa kuma ɓarnar ganye ba ta yi tsanani ba, nakan jinkirta, domin maganin da ke kashe tsutsa yana kashe zanzaron ma, su da ba su da jikin jurewa. In feshin ya zama dole, cikin kan masarar ake nufa da shi da yamma, inda tsutsar ke ɓuya, ba a wanke gonar gaba ɗaya ba. Ƙwan da yara suka tsinto kuma ba ma murje shi. Mukan zuba a ɗan kwano, mu ɗora kwanon a tsakiyar faranti mai ruwa a inuwa cikin gonar. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe ba ta iya ƙetare ruwan, zanzaron da ya fito kuwa tashi yake ya koma aikinsa.

Sauran ƙananan laifuffukansa ba sa buƙatar dogon bayani. Ba kowace waya ke karɓar sa ba, wasu sai da ɗan mahaɗi na dabam, wasu ko da shi ba sa gani. Manhajar da takardar cikin kwali ta nuna tana neman izinin shiga abubuwan da ba ruwan madubi da su, na ƙi ta na nemi wata. Ƙurar hunturu in ta shiga bakinsa baƙin tabo take zama a kowane hoto, don haka murfinsa ba abin yarwa ba ne. Abin juyawar kuma da tauri ya zo, sai da ya sha hannu ya saki.

Wanda nake ganin ya dace ya saya shi ne ƙungiyar manoma, malamin gona mai zagaya ƙauyuka, mai shagon maganin feshi da ke son ya san abin da ake kawo masa kafin ya miƙa kwalba, da malamin makaranta, domin mutum goma na iya kallon allo ɗaya lokaci guda, abin da madubi mai ido biyu ba ya bayarwa. Ɗalibin da zai rubuta sunan nau'i a takardar bincikensa kuwa kada ya dogara da shi. In za ka saya, tafi da wayarka a gwada a kanta a gabanka, yaron shagon da na saya bai ƙi ba, ya ma ciro takardar sidi muka duba siraran zanenta. Tafi da rula ka ga milimita nawa ke cika allon. Tafi da ƙwayar wake mai ƙwai a fata, in bai raba maka farin da garai-garai ba, a ɗauko wani. Ka duba farar takarda ko akwai tabo a hoton, ka kuma tabbatar fitilun suna mutuwa gaba ɗaya in an juya maɓallinsu, domin akwai waɗanda ragewa kawai suke yi, da irin waɗannan dabarar kofin roba ba za ta yi aiki ba.